Yadda Ake Tsare Mage da Kare Daga Abinci da Magungunan da Ke Kashe Su

Tun ranar da na ba da labarin yadda muka rasa magen gidanmu tambayoyi suke ta zuwa, kuma kusan duk iri ɗaya ne: me za a hana mage da kare ci, idan kuma sun riga sun ci, me mutum zai yi kafin ya kai ga likita? Amsa wa mutum ɗaya-ɗaya ya gagare ni, shi ya sa na tattaro komai nan, bi da bi.

Ga wanda bai ji labarin ba, magen ta yini ba ta taɓa abinci ba, ƙanwata ta shafa ta ta ji jikinta da ɗumi, sai tausayi ya kama ta. Bayan isha'i ta ɓalli rabin ƙwayar farasitamol ta daka, ta jiƙa a cokali ta ɗura mata. Washegari da azahar ta kira ni a waya: "Yaya, don Allah ka zo ka ga fuskar magen nan, ta kumbura kamar an hura ta." Na ɗaga leɓenta na ga dasashin ya koma launin ƙasa, tana ta haki baki buɗe, tafukanta sun yi suntum. Ba ta kai asubar gobe ba. Daga baya likita ya gaya mana cewa zafin jikin mage lafiyayya yana kaiwa digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Salsiyas, wato dama can ta fi mutum ɗumi. Mai yiwuwa ma babu zazzaɓin da aka yi wa maganin.

Idan kare ya faɗi, maƙwabci ake fara zargi, a ce an jefo masa nama mai guba ta katanga. Akan yi hakan. Amma a iya abin da na gani, ɓarnar ta fi fitowa daga durowar maganinmu, da tukunyarmu, da kwalbar da muka sayo da kuɗinmu don sauro da ɓeraye.

1. Auna dabbarka, ka ajiye lambar likita

Da wannan za ka fara, yau, tun babu abin da ya faru. Guba da nauyin jiki take tafiya, kuma tambayar farko da likita zai yi maka ita ce kilo nawa dabbar take. Hau sikeli kai kaɗai ka rubuta, sake hawa riƙe da ita, sai ka ɗebe na farko daga na biyu. Babbar mage takan yi kilo 3 zuwa 4, karen gida irin namu kuwa 15 zuwa 20. Ɗan kwikwiyo a sake auna shi duk wata, don girma yake yi.

Sai lambar waya. Nemi ta likitan dabbobi biyu, ka tambaye su tun yanzu ko suna ɗaga waya da dare. Yawancin manyan garuruwa suna da asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, akwai kuma asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Rubuta lambar da nauyin dabbar a takarda ka manna a ƙofar kicin, saboda ranar da abin zai faru wataƙila kana kasuwa, yara ne kawai a gida.

Hattara: mai sayar da maganin kaji da na shanu a bakin kasuwa ba likita ba ne, ko da kowa "dokta" yake ce masa.

2. Kwashe magungunan mutane

Ɗauki leda ka bi gidan ɗaki-ɗaki. Wuraren da magani yake ɓuya sanannu ne: ƙarƙashin filo, gaban madubi, jakar uwargida, aljihun rigar da aka rataye, saman firji, gefen dardumar Inna inda take ajiye na hawan jini da na suga. Tara su a gwangwani ko akwatin ƙarfe mai murfi mai ƙarfi, ka sa a durowar da ake kullewa. Tsohon gwangwanin biskit ya wadatar, ba sai ka kashe ko sisi ba. Ɗora magani saman kabad ba ɓoyewa ba ne ga mage, ita da take taka katanga kamar titi. Shi kuwa kare, katin magani da kwalbar roba duk abin tauna ne a wajensa.

Farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol, shi ne a sahun gaba. Hantar mage ba ta da isasshen sinadarin da zai sarrafa shi ya fita, sai ya juya ya ɓata jajayen ƙwayoyin jini har jinin ya kasa ɗaukar iska. Miligiram 10 a kowane kilo ya isa ya fara illa. Mage mai kilo 3 ke nan miligiram 30 ya ishe ta, alhali ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce, ninki goma sha shida da ɗoriya. Na ruwa da ake ba yara ma bai tsira ba: ƙaramin cokali na mililita 5 yana ɗauke da kusan miligiram 120. Kare ya fi juriya, har likita kan rubuta masa da awo a wasu lokuta, amma idan ya kai wajen miligiram 100 a kilo hantarsa ce za ta tafi. Ga kwikwiyo mai kilo 5, ƙwaya ɗaya ke nan. A tuna kuma yawancin magungunan mura da na ciwon kai haɗe suke da farasitamol, wasu har da kafeyin.

Na biyu su ne magungunan ciwon jiki da gaɓɓai: ibufurofen, diklofenak, asfirin. Waɗannan suna huda ciki su taɓa ƙoda. Ƙwayar ibufurofen ɗaya mai miligiram 400 ta isa ta sa kare mai kilo 15 amai da gyambon ciki, mage kuma rabin awon kare yake kayar da ita. Alamar da za ka gani ita ce amai, wani lokaci da jini, da baƙin kashi kamar kwalta. Na shafawa ma haka yake. Wanda ya shafa man diklofenak ko man zafi a gwiwa ya rufe wurin, ya wanke hannu kafin ya taɓa mage, don duk abin da ya hau gashinta sai ta lashe shi.

Tiramadol, maganin barci, na hawan jini, na suga, na farfaɗiya, duk gwangwani ɗaya za su shiga. Mafi wuyar sha'ani shi ne haɗin kemis, ƙwayoyi kala huɗu ko biyar a ƙullin leda babu suna. Idan kare ya haɗiye irin wannan, likita ma lalube zai yi. Ka sa mai kemis ya rubuta maka sunan kowace ƙwaya tun a wurin.

Hattara: a sha magani a tsaye gaban tebur, dabba tana waje. Ƙwayar da ta faɗi a neme ta nan take har a gan ta, ko da sai an ɗaga katifa. Wanda ya lalace kuma kada a watsa shi a bola inda karnuka ke tono.

3. Cire rabonsu kafin albasa ta shiga tukunya

Nan ne aka fi yi mini gardama, don kusan babu miyar da muke yi babu albasa. Albasa, tafarnuwa da ganyen lawashi suna da sinadarin da ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin mage da kare. Dafawa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, busarwa ma ƙara masa ƙarfi take yi, tunda ruwan ne ya fita gubar ta zauna. Giram 5 a kowane kilo ya isa ga mage, wato giram 15 ga mai kilo 3, kusan cikin babban cokali ɗaya da rabi na yankakkiyar albasa. Kare daga giram 15 zuwa 30 a kilo. Tafarnuwa ta fi albasa ƙarfi ninki uku zuwa biyar.

Wani zai ce, "To ai karnukan unguwa kullum ragowar miya suke ci, ga su nan suna haushi." Gaskiya ne babban kare ba zai faɗi don ya lashi kwanon miya sau ɗaya ba. Matsalar ita ce illar tana taruwa idan kullum ne, kuma ba ta nuna kanta ranar da aka ci. Sai bayan kwana uku zuwa biyar za ka ga dabba ta yi laushi, tana haki daga ɗan motsi kaɗan, dasashi ya yi fari fat, fitsari ya yi ja kamar zoɓo ko ruwan shayi. A lokacin babu mai tuna farfesun ranar Juma'a. Su kuma karnukan unguwa, babu wanda yake ƙirga waɗanda suka ɓace.

Gyaran ba shi da wuya, sai dai yana son a saba. Mu muna tafasa nama da albasa da tafarnuwa da dunƙule tun daga farko, saboda haka tun naman yana ɗanye za a yanke rabonsu, a tafasa a ƙaramar tukunya da ruwa zalla, babu gishiri babu magi. Wannan romon shi za a zuba wa kare a kan tuwo, farar shinkafa, dankali ko kabewa. Dafaffen ƙwai da kifin da aka cire wa ƙaya duk suna da kyau. Mage dai nama da kifi ne abincinta na asali, ba za ta rayu lafiya a kan tuwo da ƙanzo ba. Madara ba guba ba ce, amma manyan maguna da yawa zawo take sa su, duk da cewa da ita muka taso muna ganin ana ba su.

Tsire, balangu, kilishi da dambun nama ba nasu ba ne. Yajin da labun kilishi suna ɗauke da albasa ko tafarnuwa, ga gishiri da yawa, ga ɗanyar albasar da mai nama yake barbaɗawa a sama. Takardar da aka naɗo tsiren ma kare haɗiye ta yake yi, wani lokaci har da tsinken.

Hattara da Babbar Sallah: kitse da ragowar man suya suna jawo wa kare amai da ciwon ciki mai tsanani da zai iya kai shi ga kwanciya a asibiti, dafaffen ƙashi kuma tsagewa yake yi ya soki hanji. Kwandon shara a mai da shi bokiti mai murfi, a ɗora dutse a kai.

4. Goro, cakulan, zabibi, tsamiya, cingam da kwaɓi

Goro yana da kafeyin, kusan kashi 2 cikin 100 na busasshensa ko fiye, da ɗan tiyobromin, sinadarin da ke cikin cakulan. Jikin kare yana jinkirin fitar da tiyobromin, sai bugun zuciya ya ƙaru, ya kasa zama wuri ɗaya, ya yi amai, ya kama karkarwa, idan ya yi yawa har jijjiga. Babban kare ba ya cika kula goro, amma kwikwiyo komai wasa ne a wajensa. Ranar suna ko ɗaurin aure, lokacin da faranti yake yawo a tabarma, a ɗaure shi nesa. Haka ganyen shayi da aka tace, garin kofi, lemon ƙara kuzari da guntun taba.

Cakulan kuwa iya baƙinsa iya gubarsa. Miligiram 20 na tiyobromin a kilo yana fara nuna alama, 60 yana kawo jijjiga. Baƙin cakulan mai ɗaci da garinsa na yin kek su ne masu haɗari sosai. Kayan shayi irin su Milo da Bournvita ba su kai su ba, sai dai idan kare ya samu gwangwanin a buɗe ya yashe shi. Alamun kan ɗauki awa 6 zuwa 12.

Inabi da zabibi ƙodar kare suke tsayarwa, kuma ba su da awo: wani ya ci da yawa ya tashi lafiya, wani ya ci kaɗan ya daina fitsari cikin kwana ɗaya zuwa uku. Lokacin azumi da lokacin dawowar alhazai da tsaraba ne suka fi yawa a gidajenmu, sau da yawa a hannun yara. Wanda ya fi shafarmu ma ita ce tsamiya. Likitocin cibiyar guba ta ƙungiyar kare dabbobi ta ASPCA a Amurka sun wallafa rahoto a 2022 kan karnukan da ƙodarsu ta samu matsala bayan cin tsamiya, kuma sinadarin tsamin da ke cikinta shi ake zargi a inabi ma. Don haka ragowar kunun tsamiya da tsamiyar da aka jiƙa aka tace kada su je kwanon kare.

Cingam da alawar da aka rubuta ba su da sukari, da wasu man goge baki, sau da yawa ana zaƙaƙa su da wani sinadari mai suna zailitol. A jikin kwalin za ka ga an rubuta xylitol. Miligiram 100 a kilo yana faɗar da sukarin jinin kare, wani lokaci cikin rabin awa, ya kama tangaɗi ya faɗi. Jakar 'yan makaranta da aka yar a tsakar gida ita ce hanyar da ya fi samunsa.

Na ƙarshe shi ne kwaɓin da aka sa wa yis: na fanke, alkubus, funkaso, burodi, da ƙullin waina. Cikin kare yana da ɗumi, kwaɓin zai ci gaba da tashi a ciki, ya kumbura shi, ya kuma fitar da barasa ta shiga jini. Uwargida takan ajiye roba a rana don ya tashi da wuri, to a lokacin karen ya kasance a ɗaure.

5. Maganin ɓera da fiya-fiya

Gidan da yake da mage ko kare, tarko ya fi masa. Idan dole sai an sa guba, a sayi mai kwali da suna, a ajiye kwalin. Shinkafar ɓera da ake ƙullawa a leda babu rubutu, ranar da dabba ta ci babu abin da za ka iya gaya wa likita.

Iri biyu aka fi samu. Akwai mai hana jini daskarewa, galibi dunƙule ko ƙwayoyi masu launin shuɗi, kore ko ja. Wannan mayaudari ne: dabba za ta ci ta yi kwana uku zuwa biyar garau, sannan ta fara zubar da jini ta ciki, ka ga haɓo, ko jini a kashi, ko numfashi ya yi wuya. Yana da makari idan an je da wuri. Akwai kuma baƙin gari mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wanda yake zama iska mai guba da zarar ya haɗu da ruwan ciki. Shi ba shi da makari, kuma aman dabbar da ta ci shi yana iya cutar da mutumin da ya shaƙa.

Yadda za a sa: cikin sito ko ɗakin da ake kullewa, a akwati mai ƙaramar ƙofa da ɓera kaɗai zai iya shiga. Ƙirga adadin da ka ajiye. Kowace safiya, kafin a saki dabbobi, a zaga a tsince matattun ɓeraye a binne su da zurfi, saboda magen da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta ci.

Fiya-fiya da Sniper sinadarinsu ɗaya, wanda ake rubutawa dichlorvos ko DDVP. Maganin gona ne, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni, amma har gobe ana yayyafa shi a ɗakunan kwana. Yana shiga ta fata, ta numfashi, ta baki. Dabbar da ya taɓa za ta yi ta dalalar da yawu, ƙwayar idonta ta tsuke, ga zawo da fitsari da karkarwa. Kowane irin maganin sauro za a fesa, a fitar da dabbobi da kwanukansu, kada su dawo sai ɗakin ya sha iska ƙasa ta bushe.

Hattara: Dettol, Izal da sauran masu yin fari idan an zuba su a ruwa suna cutar da mage. Za ta taka jiƙaƙƙen daɓe ta koma gefe ta lashe tafinta. Kada a wanke mata ciwo da su. Kafur na cikin akwatin kaya da koren ruwan lagireton mota su ma a kulle su. Ƙaramin cokali ɗaya na ruwan lagireto yana iya kashe mage.

6. Maganin kaska da ƙuma: kowa da nasa

Abin da aka yi don kare ba a sa wa mage. Da yawa daga cikin magungunan kaska na karnuka, na ɗigawa a wuya ko na fesawa, suna ɗauke da sinadarin da ake rubutawa permethrin. Ɗigon da kare zai kwana lafiya da shi yana sa mage karkarwa da jijjiga cikin 'yan awoyi. Ko ba a sa mata ba, idan tana kwana jikin karen ko tana lasarsa ta samu. A raba su kwana uku bayan an sa masa. Na wankan shanu mai amitraz shi ma ba na mage ba ne.

Allurar ivermectin ta shanu, wadda ake yi don kaska da tsutsar ciki, tana da miligiram 10 a kowane mililita, an yi ta ne don dabba mai ɗaruruwan kilo. Kuskuren rabin mililita a jikin kwikwiyo ya isa ya makantar da shi na wani lokaci, ya sa shi tangaɗi ko dogon suma. Wasu karnukan ƙasashen waje, musamman jinsin Koli (Collie), ba sa jure ko kaɗan daga abin da ya wuce awo. Likita ne zai auna, da sirinjin da ya dace.

Hattara: wanke kare da ruwan fiya-fiya don kaska, ko shafa masa baƙin mai da kananzir don ƙazuwa, duk na ga ana yi. Kaskar tana mutuwa, ba musu, amma sau da yawa da karen take tafiya.

7. Idan ta riga ta ci

Bi wannan tsarin yadda yake, kada ka tsallake.

Da farko raba ta da abin, ka kori yara da sauran dabbobi daga wurin. Sa safar hannu, ko ka zura hannunka a leda, kafin ka taɓa bakinta. Dalilin biyu ne. Guba irin fiya-fiya tana shiga fatarka kai ma. Sannan karen da yake dalalar da yawu yana abin da bai saba ba, idan ba ka ga abin da ya ci da idonka ba, yana iya zama ciwon haukan kare ne, wanda har yanzu yana nan a ƙasarmu. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Na biyu, tattara shaida. Ɗauki kwalin ko katin maganin, ƙirga ƙwayoyin da suka rage, duba agogo. Idan ta yi amai ɗauki hotonsa, ka ɗebi kaɗan a leda ka ƙulle. In baƙin garin ɓera ake zargi, fitar da ita fili, kada kowa ya sunkuya kan aman.

Na uku, kira likita tun kana tsaye a wurin, ko da dabbar tana wasanta. Abu huɗu za ka faɗa: "Likita, karena mai kilo 16 ya haɗiye ƙwayar ibufurofen mai 400 guda uku, minti ashirin da suka wuce." Wannan jimla ɗaya ta fi dogon labari amfani. Jiran a ga alama shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada, domin farasitamol, albasa, zabibi da maganin ɓera duk sai sun gama ɓarna suke nunawa.

Na huɗu, idan a jiki abin ya zuba, wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa, sau biyu ko uku, ka tsane ta da tawul. Ruwan zafi yana ƙara shigar da gubar ta fata, mai sanyi kuma yana ƙara karkarwa. Idan ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15. Wadda take jijjiga ba a yi mata wanka, a naɗe ta a tafi.

Yanzu abubuwan da ba a yi, kuma su ne za a fara ba ka shawara. Kafin ka ankara wani ya miƙo manja, wata ta kawo madara, wani ya ce a ɗura ruwan gishiri. Mai da madara suna taimaka wa guba irin fiya-fiya ta shiga jini da sauri, idan baƙin garin ɓera ne kuma duk abin da ya shiga ciki ƙara fitar da iskar gubar yake yi. Gishirin da zai sa kare amai shi kansa yana iya kumbura masa ƙwaƙwalwa. Ɗura kowane irin ruwa ga dabbar da ta galabaita huhu yake tafiya. Gawayin murhu kuma ba shi ne gawayin asibiti da ake ba wanda ya sha guba ba, daka shi ɓata lokaci ne.

Sa amai aikin likita ne, yana da allurarsa, kuma ya fi amfani cikin awa biyu na farko. Mage babu wata hanya ta gida da za a sa ta amai lafiya. Ba a kuma sa amai ko kaɗan idan abin da aka sha kananzir ne, fetur, ruwan batir ko bilic, don zai sake ƙona maƙogwaro ko ya shiga huhu a hanyar fitowa.

Wajen ɗauka, naɗe mage a tawul ka sa ta a kwali mai huji. Kare a shimfiɗa shi a bargo ta gefensa, kai ya ɗan yi ƙasa. Kada a ɗaure bakin wanda yake amai. Idan jijjiga ta kama shi a kawar da kaya daga kusa, a rage haske da hayaniya, kada kowa ya sa masa hannu ko cokali a baki.

8. Wajen likita, kuɗi, da bayan an dawo

Kuɗin yana bin lokacin da ka iso. Wanda ya zo cikin awa biyu, galibi kuɗin dubawa ne da allurar amai da gawayin asibiti, ya koma gida a ranar. Wanda ya bari sai gobe zai biya ƙarin ruwa na kwana biyu ko uku, da gwajin jini, da kuɗin kwana, wani lokaci har ƙarin jini, kuma duk da haka babu tabbas. Asibitin gwamnati yakan fi na kuɗi sauƙi, na kuɗi kuma yakan fi samuwa da dare. Tambayi jimillar tun farko, ka faɗi abin da za ka iya ba tare da kunya ba, don likita ya san da me zai fara.

Faɗi gaskiyar abin da ya faru. Idan kai ka ba da maganin da hannunka, ko an riga an ɗura manja, ka faɗa. Farasitamol yana da makari, fiya-fiya ana yi mata allurar atrofin, mai hana jini daskarewa ana ba da bitamin K1, amma kowanne sai an san shi ne. Wasu daga cikin waɗannan ba kowane asibitin dabbobi yake ajiye su ba, za a iya rubuta maka ka nemo a babban kantin magani, don haka ka tafi da wanda zai yi wannan zirga-zirgar.

Bayan an dawo gida a ba ta ruwa mai tsabta da abinci marar nauyi kaɗan-kaɗan, kamar farar shinkafa da tafasasshen naman kaza. Kullum safe da yamma ɗaga leɓe ka duba dasashi: ruwan hoda ake so, fari ko rawaya ko launin ƙasa na nufin a koma. Lura da fitsari, yawansa da launinsa. Wanda ya ci inabi, zabibi, tsamiya ko maganin ciwon jiki, idan ya yini bai yi fitsari ba kada a kwana da shi a gida.

Hattara da bitamin K1: ana shan sa mako uku zuwa huɗu, kuma mutane suna dainawa a mako na farko don sun ga kare ya warware, alhali gubar tana nan a hanta, sai jinin ya dawo. A riƙa ba shi tare da abinci mai ɗan maiƙo don ya fi shiga jiki, a hana karen guje-guje da faɗa har a gama. Bitamin K3 da ke cikin garin bitamin na kaji ba ya maye gurbinsa. Kwana biyu zuwa uku bayan ƙwayar ƙarshe a mai da shi a gwada daskarewar jininsa, sakamakon ne zai nuna ko a tsaya ko a ƙara mako guda.